Glenys Probert da Mita Ashirin

Duk wanda ya zauna a garin Tredegar a shekarun baya ya san Glenys Probert, in bai san sunanta ba to ya san tafiyarta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa. Kullum ƙarfe shida na safe za ka hango ta tana gangarowa daga layinsu da shuɗiyar rigar aiki a ƙarƙashin kwat, tana zuba sauri kamar wadda aka biyo. Mahaifinta a ramin haƙar kwal ya ƙarar da ƙarfinsa, ciwon huhu ya tafi da shi tana 'yar shekara goma sha biyar. Shekara na zagayowa ta ajiye makaranta ta shiga kamfanin ɗinkin riguna. Da aka rufe kamfanin ta koma gidan kula da tsofaffi, a nan ta yi shekara ashirin da bakwai tana ɗaga mutane, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bahon wanka. A lokacin ba a kawo injin ɗagawa ba. Kafaɗa ake sawa ƙarƙashin hammatar mutum, a ƙirga uku, a cicciɓa.

Ƙugun dama ne ya fara, sai na hagu, sai ƙashin baya. Likita ya duba hoton ya ce guringuntsin ya zaizaye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. An yi mata aiki a ƙugu ɗaya, bai tsinana komai ba. Tana da shekara hamsin da takwas ta ajiye aiki, aka sa ta cikin masu karɓar tallafin nakasa, kuma albarkacin tallafin ne ta samu wata 'yar jar mota wadda ba a taka mata kuloci.

Motar nan ba ta yawo ba ce. Mijinta Idwal, wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran bas-bas, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, har ta kai an kwantar da shi a wani gidan jinya a bayan dutse, mil goma sha ɗaya daga gida. Maganarsa ta tafi, saura kalmomi uku ko huɗu, ciki har da "Glen". Kuma ba ya karɓar abincin yamma a hannun kowa sai ita. Idan wata ta kawo cokali sai ya dantse baki ya juya fuska bango. Saboda haka kullum ƙarfe biyu Glenys takan dogara sandarta, ta sauka matakala biyu na ƙofar gida, ta shiga motar da ke daf da ƙofa, ta haura dutsen. In babu mota, sai bas biyu, kuma tashar farko tana can ƙasan gangarar da rabonta da taka ta shekara uku.

Ranar wata Talata cikin watan Maris, ambulan ruwan ƙasa ya faɗo ta kafar ƙofa. Tun daga kicin ta ji nauyin faɗuwarsa. Ta sa ƙugiyar sanda ta jawo shi har gindin kujera, ta zauna, ta daɗe tana kallonsa kafin ta yaga. Ofishin tallafi ne. Lokacin sake duba lamarinta ya yi, ga fom mai kauri kamar littafi, a cika a mayar cikin wata ɗaya.

Kowa a layin ya san abin da ya samu Trefor Bevan na gida mai lamba tara. Shi ma ƙafa ce. Ya cika nasa fom ɗin shi kaɗai, da yake mutum ne mai jin kai ya rubuta wai yana lallaɓawa, aka karɓe motarsa cikin mako shida. Ya ɗaukaka ƙara, ya yi wata goma sha huɗu yana jira a ɗaki, ya ci nasara, amma kafin nan ya zama wani mutum daban, ko ƙofa aka ƙwanƙwasa ba ya buɗewa. Wasu sun ce ba fom ɗin ba ne, wani ne ya kai rahoton an gan shi ɗauke da buhun abincin kare. Ba wanda ya san gaskiya, kuma rashin sanin ya fi komai tayar wa Glenys hankali.

Ta tura fom ɗin ƙarƙashin kwandon burodi, ya kwana tara a nan. Ko shayi ta zo haɗawa sai ta juya masa baya.

Rana ta goma ta ɗauko fensir, don biro ba ya goguwa. Tambayoyin girki da wanka da sa tufafi ta bi su da 'yan kalmomi, duk amsar kusan ɗaya ce: ina yi a hankali. Sai ta iso shafin tafiya. Wane nisa kike iya takawa? Ga akwatuna an jera: ƙasa da mita ashirin, ashirin zuwa hamsin, hamsin zuwa ɗari biyu, fiye da haka. Ta ji a bakin mutane cewa akwatin farko ne kaɗai ke riƙe wa mutum mota. Ita kuwa da yadi da inci ta tashi, ba ta taɓa sanin iyakar mita ashirin a ƙasa ba. Kuma a shafin ƙarshe akwai wurin sa hannu, da gargaɗi cikin baƙin rubutu cewa wanda ya faɗi abin da ba gaskiya ba zai iya fuskantar shari'a. Glenys ba ta taɓa shiga kotu ba, ko tarar ajiye mota ba a taɓa cin ta ba.

Sai ta yanke shawarar aunawa. Ta ɗauko sabuwar igiyar shanya da tef ɗinta na ɗinki, ta zauna a teburin kicin ta auna mita ashirin cif, ta yanke. Ta jira har ƙarfe goma, lokacin da masu aiki sun fita yara sun tafi makaranta. Ta ɗaure bakin igiyar a mariƙin ƙofa, ta naɗa ɗaya bakin a hannu, ta fita.

Taku goma na farko ba laifi. Daga nan ƙugun ya fara ci kamar ana tura masa ƙusa mai zafi. Ta wuce ƙofar maƙwabta ta farko, ta wuce ta biyu, numfashinta na fita da ƙara. Igiyar ta miƙe ta ja hannunta. Ta tsaya. Ta kai mita ashirin, kuma ga ta a tsaye da ƙafafunta.

Ashe tana iyawa. In ta zaɓi akwatin farko ta yi ƙarya ke nan, in ta zaɓi na biyu mota ta tafi, Idwal ya juya fuska bango.

Ta juya za ta koma, ƙafar dama ta ce ba ta san zancen ba. Ta dafa katangar wani gida da hannu biyu, sandar ta suɓuce ta faɗi a kwalta. A nan ne ta lura da farar motar kaya da ke tsaye a tsallaken titi, ba rubutu a jikinta, da mutum a ciki riƙe da waya a saitin fuskarsa. Labulen gida mai lamba shida ma ya motsa. Ta ce a ranta shi ke nan, sun ɗauka, ga hotonta tana tafiya a titi da ƙafarta. Ƙofar motar ta buɗe, mutumin ya fito, ƙato ne mai gemu, ya nufo ta kai tsaye. Har ta fara shirya abin da za ta ce masa, cewa ba ta riga ta cika komai ba, da fensir ne ma.

Ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya dubi igiyar, ya bi ta da ido har ƙofar gidan.

"Mama, lafiya? Kare ne ya ƙwace, ko gidan kike ja zuwa kasuwa?"

Ta miƙa hannu ta karɓi sandar.

"Mai gyaran famfo ne ni, tun ɗazu nake jiran mutanen lamba shida su buɗe min. Kawo hannunki. A'a, ki sake min nauyinki duka, na ɗauki bahon wanka da ya fi ki nauyi."

Kusan ɗaukarta ya yi har kujerar falo. Ranar ba ta je wurin Idwal ba, washegari ma haka, don ko takalmi ta kasa sawa. Ta buga waya aka ce mata ya sha ruwan shayi kaɗan, abinci kuwa ya ƙi.

Da ta samu ta je rana ta uku, wata ma'aikaciyar gidan da ta koyi aiki a hannunta tun tana budurwa ta dube ta ta ce, "Anti Glen, fuskar nan taki ta fom ce. Ya zo ko?" Ita ce ta rubuta mata a bayan takardar magani: zauren majami'ar da ke bayan kasuwa, ranar Alhamis, a nemi Mista Howells.

Mista Howells tsohon wakilin ƙungiyar ƙwadago ne, ya haura saba'in, siriri, da na'urar ji a kunne ɗaya wadda ke yin fito in ya juya kai. Tun da ya yi ritaya yake zama a zauren nan yana taya mutane cika takardu kyauta. Ya karɓi fom ɗin ya karanta shiru, yana lasar yatsa yana juya shafi. Da ya gama ya cire tabarau.

"Misis Probert, wace ce wannan matar da kika rubuta? Ina so in gan ta, lafiyarta ta fi tawa."

"Ni dai ba na son in yi ƙarya."

"To ai kin yi. Shafi goma sha ɗaya kin yi ta zuba ta." Ya ɗauko magogi ya ajiye a tsakiyar tebur. "Bari in tambaye ki, ki amsa min kamar ba za mu sake haɗuwa ba. Yaya kike hawa bene?"

Ta dubi ƙofa. Mata biyu na jiran layi a can nesa, suna shan shayi.

"Da zama," ta ce a hankali. "Ina zama a matakala, in ja jiki baya-baya."

"Sau nawa a rana?"

"Sau ɗaya. In na sauko da safe ba na komawa sai kwanciya."

"Ban ɗakin yana sama?"

Kunnuwanta suka yi zafi.

"Akwai bokiti a bayan ƙofar kicin," ta ce. Ba ta taɓa faɗa wa wani mahaluki wannan ba.

Bai ɗago kai ba, rubutu kawai yake. "Faɗuwa fa? Daga Kirsimeti zuwa yau."

"Huɗu. Biyar da ta cikin baho."

Daga nan ta ba shi labarin igiyar, tana jiran ya ce to ai magana ta ƙare. Sai ya tambaye ta minti nawa ta ɗauka, ta ce ba ta duba ba, amma an daɗe. Ya tambaya ko ta dawo da ƙafarta, ta ce a'a. Ya tambaya ko za ta iya sake yi bayan awa ɗaya. Ta ce kwana biyu ta yi a kwance.

"To ba ki iya ba," in ji shi. "Ba cewa suka yi ko za ki kai can in gida ya kama wuta ba. Abin da ake nufi, za ki iya yi ba tare da haɗari ba, ki maimaita, cikin lokacin da ya dace, yawancin ranaku? Ke kin je sau ɗaya, ƙato ya ɗauko ki. Haka za mu rubuta, da igiyar da mai famfon da komai."

Awa biyu suka yi. Da ya karanta mata abin da suka rubuta, sai ta ji kamar labarin ɗaya daga cikin tsofaffin da ta yi jinya ne, irin waɗanda takan ce wa 'ya'yansu, gaskiya bai kamata a bar ta ita kaɗai ba. Ta mayar da fom ɗin jaka.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "Takardar likita za ta taimaka, amma ina son wasiƙa daga wanda ya san ki a gida. Kina da 'ya'ya?"

"Ɗaya. Bethan. Tana Cardiff."

"Ta san da bokitin?"

Glenys ta girgiza kai. Tsoron da ya fi na ofishin ke nan. Shekara biyu Bethan na maganar wani ɗaki a ƙasan bene kusa da gidanta, mai ƙarfen dafawa a ban ɗaki. Cardiff kuwa ta yi wa Idwal nisa. Duk ranar Lahadi da Bethan za ta zo, Glenys takan ɓoye bokitin a rumfar baya, ta sha maganin ciwo biyu tun da wuri, ta shafa jan baki, ta zauna a kujera kafin a buɗe ƙofa.

Lahadin nan ma ta yi duk wannan. Suka ci naman rago da dankali, Bethan na ta labarin makarantar da take koyarwa. Da aka kwashe kwanuka Glenys ta turo mata fom ɗin a kan tebur, ta kafa ido a kan butar shayi.

Bethan ta fara karantawa tana murmushi, murmushin ya ɗauke. Ta kai wani shafi ta koma baya ta sake karantawa. Ta tashi ta leƙa bayan ƙofar kicin, ba komai, ta fita rumfar baya. Da ta dawo idonta ya kaɗa.

"Sau biyar, Mama? Ranar da na ga tabo a goshinki kika ce ƙofar kabad ce."

"Ai da kabad ɗin na bugu. A hanyar faɗuwa."

"Kar ki mayar min da shi wasa! In da kin karye a bahon nan fa? Wa zai sani? Sai Lahadi in zo in tarar da ke?"

"Kar ki ɗauke ni daga nan, Bethan." Muryarta ta fita siririya, ita kanta ba ta gane ta ba. "Ki yi min faɗa, ki yi duk abin da kika ga dama. Amma in kika kai ni Cardiff babanki zai daina cin abinci, kin san shi. Mako biyu ba zai yi ba."

Bethan ta zauna ta rufe fuska da tafin hannu. Can ta share ido da bayan hannu, ta jawo jakarta ta ciro biro.

"Ba ni takarda in rubuta musu wasiƙa. Kuma wallahi duk abin da na gani zan rubuta, har jan bakin."

Suka aika fom ɗin saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Bayan mako biyar aka kira ta ganawa a wani ofishi a Newport. Bethan ta ɗauki hutu ta kai ta. Tun a mota Glenys ke ta tuna abin da ta ji a bakin mutane. An gaya mata wai tun daga wurin ajiye motoci ake kallon mutum, wai har kujerar da ka zaɓa a ɗakin jira ana rubutawa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ta rasa yadda za ta yi da jikinta. In ta ɗingisa sosai za a ce wasan kwaikwayo take, in ta daure za a ce lafiyarta ƙalau. Daga ƙofa zuwa ɗakin ganawar ta tsaya sau uku tana dafa bango, kuma kowace tsayuwa sai ta ji kamar ƙarya take yi, alhali ƙugun kamar zai tsage.

Mai tambayar wata matashiya ce mai sanyin murya, idonta na kan kwamfuta.

"Yaya kike yau, Misis Probert?"

"Lafiya lau, na gode," in ji Glenys, kafin ta ankara. Bethan ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Yatsun matar suka yi ta bugawa, Glenys na kallonsu, ta tabbata kalmomin nan biyu sun kashe ta.

"Kina zuwa kanti?"

"Kawo min ake yi."

"Amma kina tuƙi kullum, mil goma sha ɗaya."

"Ina yi. A zaune ake tuƙi, 'yar nan." Ta gyara zama. "Can kuma a bakin ƙofa ake tarar da ni da keken guragu, su tura ni har ɗakinsa. Ban rubuta wannan ba, kunya na ji. Ni na koya wa rabinsu tura keken."

Matar ta ɗago ta dube ta, karo na farko, sannan ta ci gaba da bugawa. Minti hamsin aka yi. Da suka fito Glenys ta kasa tuna rabin abin da ta faɗa.

Jiran ya ɗauki mako bakwai. A cikinsu ta rame har zoben aurenta ya fara juyawa a yatsa. Ko shara ba ta fitarwa sai ta leƙa titi ta taga. Da amsar ta zo ba ta iya buɗewa ba, ta sa a jaka ta kai wa Mista Howells ranar Alhamis. Ya karanta har ƙarshe, na'urar kunnensa na fito, ita kuwa ta riƙe bakin tebur.

"Motarki na nan," ya ce. "Shekara uku, sannan su sake dubawa."

"Su sake?"

"Haka suke yi. Amma yau dai ki je ki ba mutumin abincinsa."

Ba ta yi murna yadda ta zata ba. Jikinta ne kawai ya saki, ta zauna a zauren har aka fara naɗe kujeru.

Bethan ba ta sake maganar Cardiff ba, amma ta kafa sharaɗi, kuma ba ta karɓi musu ba. Ranar wata Asabar cikin watan Yuli ta zo da mijinta da wani abokinsa, suka kwance gadon da Glenys da Idwal suka kwana a kai shekara talatin da takwas, suka sauko da shi falo gunduwa-gunduwa. Aka fitar da doguwar kujera, aka kawo kujerar ba-haya mai murfi aka ajiye bayan labule kafin a gina ban ɗaki a ƙasa. Glenys na zaune a kicin tana ba da umarni, a yi hankali da fentin bango, kar a ja ƙafar gadon a kan darduma.

Da suka gama Bethan ta leƙo daga saman bene.

"Mama, akwai abin da kike so in sauko miki da shi? Ko za ki hau ki duba da kanki, mu riƙe ki?"

Glenys ta dubi matakalar nan goma sha uku, ta daɗe tana dubawa.

"A'a," ta ce. "Ki dai buɗe tagar ɗakinmu ki ɗaukar min hoton dutsen da babanki ke bayansa a wayarki. Daga nan ƙasa ba a ganinsa. Sannan ki ja ƙofar ki sauko, shayi na hucewa."